Direba Ya Dawo Daga Ibeto

Kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe. Na san wasunku har sun taɓe baki, wai yanzu kuma a kan tsuntsu mace za ta zo ta cika mana kunne da kuka. To, a kan tsuntsu ne. Sunana Hamida Ndayako, shekarata ashirin da takwas, ina koyarwa a wata firamare a nan Kontagora, kuma ina da tattabaru arba'in da uku a bayan ɗakin mahaifiyata. Makon jiya arba'in da huɗu ne. Jiya Juma'a na samu abin da na yi shekara goma sha biyar ina jira, kuma ina jin shi ne ya raba ni da mutumin da nake so.

Tattabarun gadon Baba ne. Marigayi Malam Ndayako direban bas ne, yana bin hanyar Ibeto zuwa Nasko. Wasu mazan su kashe yammacinsu a majalisa ko wurin kallon ƙwallo, shi kuwa yana bayan gida a tsugune, ya buɗe fiffiken tsuntsu yana ƙirga gashinsa ɗaya bayan ɗaya. Bai damu da masu kyan launi ba, bai damu da masu nama ba. Masu dawowa gida yake nema. Yakan saka biyu a kwando, ya ajiye kusa da giya, in ya yi nisa da gari ya tsaya a gefen titi ya sake su, fasinja na ta mita. Ni kuma aikina in tsaya a tsakar gida da tsohon agogonsa a hannu, kaina a sama, da zarar ƙafar tsuntsu ta taɓa kwanon ɗaki in rubuta lokacin a wani littafi mai baƙin bango. Tun ina aji uku nake wannan aikin.

Kowane layi a littafin nan yana da lokacin saki da lokacin sauka, in ban da layi uku. Sau uku Baba ya saki tattabaru daga Ibeto, sau uku ina tsaye har wuyana ya ƙage, ko gashinsu ban gani ba. Ya ce shaho ne, ya ce maharba ne, daga baya ya ce jinin ne bai kai ba tukuna, sai an ƙara gyara iri. Yana cikin gyaran irin Allah ya karɓi abinsa. Na ci gaba daga inda ya tsaya, ina haɗa wannan da waccan, ina rubuta wa ya haifi wa, har na samu wani namiji mai ruwan toka, ƙirji faffaɗa, ido ja kamar gauta. Na sa masa suna Direba.

Kada ku tambaye ni yadda Inna Ramotu, mahaifiyata, take ji da wannan harka. Ƙanwata Madina tana da 'ya'ya biyu. Ni kuwa manema biyu sun zo sun tafi. Na farkon ya ce kashin tsuntsu yake ji a hijabina. Na biyun ya daure wata huɗu, ranar da na bar shi a zaure minti arba'in saboda wani ɗan shila ya faɗo daga tukunya, daga nan ban sake ganin ko ƙurar mashin ɗinsa ba.

"Ke dai ki zauna," in ji Inna, tana tsince shinkafa ba ta ko kalle ni ba. "In kin tsufa su za su kai ki asibiti."

"Inna, ai lokaci ne."

"Lokacin ya zo sau biyu, kina bayan ɗaki."

Nu'uman a kasuwa muka haɗu, a rumfar Baba Buba mai sayar da tsuntsaye, tsohon abokin Baba. Na je neman dawa mai ƙananan ƙwaya, na tarar da wani dogo cikin shadda ruwan ƙasa wadda ta sha wanki, ya riƙe tattabara ta fukafukai kamar wanda ya kamo kaza. Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na ce, "Malam, ba haka ake riƙe ta ba." Na karɓe ta, na sa ƙafafunta tsakanin yatsuna, na duba bakinta, na ce masa wannan ma ba ta da lafiya. Ya ce ai farfesu za a yi wa mahaifiyarsa, ta tashi daga zazzaɓi. Na ce to ko farfesun ne a nemi mai lafiya. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Baba Buba ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, 'yar Ndayako ce, haka ubanta yake."

Nu'uman malamin aikin gona ne a wata sakandare. Da na tambaye shi garinsu ya ce Ibeto. Ga gaskiya ta farko da zan faɗa muku: a lokacin ba fuskarsa na gani ba, layukan nan uku na gani.

Amma daga baya na ga fuskar, na kuma so ta, so na gaske. Mutumin nan bai taɓa toshe hanci ba. Duk Asabar zai zo da ledar gero daga gonarsu, ya gaida Inna a durƙushe, ya nemi izini ya zagaya baya. Ya koyi bambanta namiji da mace ta yadda suke kumbura wuya. Da ya ji cewa uba da uwa duka suke kwanci, uwar da dare uban da rana, kuma dukansu ke ɗura wa 'ya'ya abinci daga maƙoshinsu, sai ya ce, "Ashe sun fi mu hankali." Saƙonninsa ma daban suke. Wasu ana tura musu zuciya da fure, ni ga irin nawa:

"Malama, na ga wata fara a kan rufin makarantarmu, jelarta a baje. Wace iri ce?"

"Ta ado ce. Ko unguwa ba za ta iya dawowa daga ita ba."

"To ni wane iri ne?"

"Kai mai dawowa ne. Duk Asabar."

Da hannuna na saka shi a guruf ɗinmu na waya, na masu kiwon tattabaru, mu sittin da wani abu, ni kaɗai ce mace. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Magana ta yi nisa, manya suka shiga. Inna har ta fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado, tana waƙa in tana shara, abin da ban ji ba tun rasuwar Baba. Sharaɗina ɗaya ne, in tare da tsuntsayena. Nu'uman ya amince, ya ce akwai fili bayan rumbunan gidansu. Saura mahaifiyarsa, Iya Fure.

Na je gaishe ta sau ɗaya, ni da Madina, na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye da farin mayafi. Gajeriyar mace ce, hannunta duk kanta saboda fartanya. Ta ba mu kunun zaƙi a ƙwarya, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ba ni labari. Da can gidan yana da tattabaru cike da tukwane. Shekarar da mijinta zai rasu, 'ya'yan babban gida su watse, tattabarun suka tashi rana ɗaya gaba ɗayansu, mako guda kafin ya kwanta ciwo. Tun daga nan ba ta yarda an sake kiwo ba. Kun san dai yadda mutanenmu suka ɗauki abin, cewa tattabara ba ta zama a gidan da babu alheri a cikinsa. Ita ba ji ta yi ba, a ganinta gani ta yi.

"Ban ƙi ki ba, 'yata," in ji ta. "A kawo guda biyu daga naki. In suka zauna, gidan ya karɓe ki, ki zo da sauran. In suka tashi, kowa Allah ya haɗa shi da rabonsa."

A hanyar dawowa Madina sai murna take yi, ni ma haka, domin wannan jarrabawa ce da na san amsarta tun ina goye. Ɗan shilan da bai taɓa tashi sama ba bai san gida ba. Duk inda ya fara buɗe fiffike, nan ne garinsu har ya mutu. Baba Buba ma da na gaya masa cewa ya yi, "Shi ke nan, an ɗaura. Ki ba su 'yan shila biyu masu wata guda. Kada ki kuskura ki ba da babba." Har ya ɗaga min yatsa, saboda ya san jinin da ke jikina.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na tashi da sassafe, an kwana ana yayyafi, tsakar gida duk ƙanshin ƙasa. Na zaɓi 'yan shila biyu masu ruwan toka, mace da namiji, na shimfiɗa musu ciyawa a kwando. Na ɗauko littafin Baba don in rubuta fitarsu. Littafin ya buɗe da kansa a inda ya saba buɗewa.

Ban san yadda zan bayyana muku ba. Shekara huɗu Direba yana hannuna, na gwada shi daga bayan gari, na gwada shi daga mil goma, bai taɓa makara ba. Ibeto ce kawai ban samu mai kai min shi ba, domin ni ba na yarda in damƙa shi a hannun direban tasha. Yau ga kwando zai tafi Ibeto a hannun mutumin da na fi amincewa da shi a duniya. Ga kuma matar Direba tana kwance a kan ƙwai biyu. Dabarar Baba ke nan: in kana son namiji ya yi gudun da bai taɓa yi ba, ka ɗauke shi ka bar matarsa a kan ƙwai.

Na cire ɗan shilan namiji na mai da shi tukunyarsa. Na saka Direba.

Wallahi ina da shiri, ko in ce na yi wa kaina ƙaryar ina da shi. Na gaya wa Nu'uman a kulle su sati uku kafin a buɗe. Niyyata in ya zo Asabar mai zuwa, wato yau, in faɗa masa gaskiya muna dariya, in ba shi ɗan shilan ya je ya musanya a ɓoye, ya saki Direba a bayan gari inda ba mai gani. Launinsu ɗaya, wa zai lura? Kowa ya samu abin da yake so. Haka na tsara, ina ɗaure bakin kwando.

Ya zo da hantsi, cikin farin yadi da hula zanna, ya leƙa kwandon. "Wannan kamar ya fi ɗayar girma."

"Namiji ne ai," na ce.

Ya yarda. Me zai hana shi yarda? Ni na koya masa duk abin da ya sani. Ya ɗaure kwandon a bayan mashin, ya lulluɓe da tsohon zanen Inna saboda iska, ya ce, "Yau na ɗauki rabin amarya." Inna ta bi shi har ƙofa da addu'a.

Kwana shida kullum sai ya turo hoto. Iya Fure ta ɗaura wa kowannensu jan zare a ƙafa don ta gane su. Da kanta take zuba musu gero. 'Yar shilan tana ci, Direba kuwa tsinta kawai yake yi, ya koma kusurwar da ke fuskantar gabas ya tsaya. Nu'uman ya rubuto, "Namijin yana kewa." Na amsa, "Zai saba." Na ajiye wayar na kasa cin tuwo.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Iya Fure ba ta san sati uku ba. A wurinta baƙo kwana bakwai yake yi ya zama ɗan gida, kamar jariri. Jiya da safe, muna hutun makaranta, ina wanke kwanon ruwan tsuntsaye, wayata ta yi ƙara a kan turmi. Saƙon Nu'uman ne.

"Iya ta ce yau kwana bakwai. Ta tara 'yan gida. Na yi mata magana ta ƙi ji."

Kafin in gama karantawa wani saƙon ya shigo.

"Ta buɗe. Ki yi mana addu'a."

Na duba saman saƙon. Bakwai da minti goma sha biyu.

Me ya kamata in yi? In kira shi. In ce a watsa gero, a yi shiru, kada kowa ya motsa. In yi kuka in faɗi gaskiya. Ni kuwa ɗaki na ruga, na jawo akwati, na ɗauko agogon Baba. Na fito ko ɗankwali babu, na tsaya a daidai inda nake tsayawa ina yarinya, kusa da rijiya, na ɗaga kaina.

Wayar ta yi ta ruri a kan turmi. Sau biyar ya kira, daga baya na ƙirga. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Ba wayarki ba ce?" Na ce ina zuwa. Ya ce in yi mana addu'a, kuma na yi. Bakina bai daina motsi ba. Amma abin da nake cewa shi ne, Allah ka kare shi daga shaho, Allah ka nuna masa hanya, Allah ka kawo min shi.

Gari ya yi luf, hadari ya taru ta yamma bai zubo ba. Sauran tattabarun suna ta guna a bakin tukwane. Takwas ta wuce. Wuyana ya fara ciwon nan da na sani. Na tuna Baba yana shigowa da yamma, kafin ya cire takalmi ya kalle ni, in girgiza kai, ya ce ba komai, ya shige ɗaki bai ci abinci ba.

Takwas da minti talatin da ɗaya, wani ɗigo ya ɓullo ta saman bishiyar mangwaron maƙwabta. Bai yi kewaye ba ko sau ɗaya. Ya naɗe fukafukai ya faɗo kamar an jefo dutse, ƙafarsa ta bugi kwano, jan zaren yana lilo. Bai ko kalle ni ba, ya shige tukunyarsa wurin matarsa.

Na durƙusa a ƙasa jiƙaƙƙiya na fashe da kuka, ina dariya ina kuka. Na buɗe littafin, a ƙarƙashin layukan Baba uku na rubuta na huɗu, na cike shi har ƙarshe. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce akwai wani abu a raina a lokacin ban da shi.

Sai na yi abin da duk mai tattabara zai yi. Na kamo Direba, na buɗe fiffikensa, na ɗauki hoto da jan zaren a fili, na tura guruf. Na rubuta:

"Daga Ibeto, awa ɗaya da minti sha tara. Jinin Malam Ndayako. Na bar matarsa a kan ƙwai kamar yadda yake yi. Yau layin ya cika."

Nan da nan guruf ya ɗauka. Masha Allah, barka, mace ta fi maza, wani na neman a sayar masa da ƙwai, wani na rantsuwa ƙarya ce sai ya gani da idonsa. Ina ta amsawa, bakina har kunne. Sai na ga saƙon Baba Buba, shi da ba ya rubutu sai murya. Na kunna. Ya ce, "Hamida. Yaron nan fa yana cikin nan."

Sai a lokacin na tuna Nu'uman yana cikin guruf ɗin. Na danna don in goge, na ga jerin waɗanda suka karanta. Sunansa ne na uku.

Bai sake kira ba. Bayan la'asar na ji tsayuwar mashin. Na sa hijabina ruwan goro na fita zaure. Yana tsaye, bai zauna a tabarmar da ya saba ba. Rigar Juma'a ce a jikinsa, gefen wandon duk taɓo. Ya ajiye kwandon a ƙasa, zanen Inna a ninke a kai.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya." Ya kalli bango. "Na taya ki murna."

"Don Allah ka saurare ni. Na yi niyyar in gaya maka gobe. Da za mu musanya..."

"Na sani. Na zauna na lissafa, na gane haka kika shirya. Ai ba ki da mugunta." Muryarsa a kwance, da ma ya yi faɗa da ya fi min. "Kin san yadda aka yi? Iya ta sa sabon zane. Ta kira ƙannen Babanmu da matansu, ta dama fura. Da ta buɗe, namijin ko kan rumbu bai sauka ba. Ta tsaya da gero a hannu tana kiransa har ya ɓace. Sai ta zauna a ƙasa. Ba ke ta zarga ba. Cewa ta yi har yanzu gidan bai warke ba."

Na rufe fuskata da hijabi.

"Tun safe take tambayar wa zai mutu kuma."

"Ka gaya mata ni ce. Ka ce ni na yi."

"Na gaya mata. Na karanta mata saƙonki, na fassara mata abin da ake nufi da barin mata a kan ƙwai. Gara ta ji haushinki da ta kwana da tsoro." Ya juyo ya dube ni a karon farko. "Ina ɗayar?"

Ban gane ba. Na ce, "Wace?"

"'Yar shilan. Da ya tashi ta bi shi."

Masu karatu, awa takwas da saukar Direba. Na yi hoto, na yi kuka, na amsa barka ta fi talatin. Ko sau ɗaya ban tuna akwai wata tsuntsuwa a kwandon nan ba. Wata guda gare ta, ba ta taɓa tashi ya wuce tsayin katanga ba. Ta bi shi saboda shi kaɗai ta sani a garin, shi kuwa ba ya jiran kowa. Tana can wani wuri tsakanin Ibeto da nan, cikin dawa ko cikin cikin shaho, da jan zare a ƙafa.

Ya ga amsar a fuskata. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, Malama, kuma na san ba kya ƙarya in an tambaye ki kai tsaye. Da na ce ki yi mana addu'a, me kika roƙa?"

Na buɗe baki. Na so in ce na roƙa ya zauna. Kalma huɗu ce, da ta wadatar, na ga a idonsa yana so ya ji ta ko da ƙarya ce. Ta ƙi fita.

"To," ya ce. Ya shafa fuskarsa. "Iya ta ba ni saƙo. Ta ce tunda da gangan ne, abin da sauƙi. Ki kawo wanda ya gudun da hannunki ranar Lahadi, a yanka shi a ƙofar gida, kowa ya ci, a san ba gidan ne ya kore shi ba. In an yi haka za ta sake sauraron magana. In Lahadi ta wuce, kada a sake tayar mata da ita."

"Kai fa? Me ka ce?"

"Ni ɗan aike ne yau." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bayansa gare ni. "Ko kin kawo shi, ban san yadda zan yi da saƙon nan ba. Na karanta shi ya fi sau ashirin. Wata takwas muna tare, ban taɓa jin kin yi murna da ni kamar haka ba."

Ya tada mashin ya tafi. Bai shiga gaida Inna ba, karo na farko.

Ashe tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Na zaci duka ko zagi, na ma shirya musu. Ta wuce ni ta shiga ɗaki, na ji tana jawo kwanukan nan daga ƙarƙashin gado, tana mai da su cikin kwali ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ubanki ma ranar da aka haife ki yana bayan ɗaki. Na yi masa uzuri shekara ashirin. Ke ban san wa zai yi miki ba." Daga nan ba ta sake ce min komai ba har yanzu. Madina ta kira ni ya fi sau goma, saƙonta na ƙarshe cewa ta yi, "Yaya, tsuntsu ne fa. Tsuntsu."

Na sani. Na san tsuntsu ne. Na san kuma laifin ba nasa ba ne, shi abin da aka haife shi ya yi kawai ya yi, abin da ni da Baba muka yi shekara ashirin muna roƙonsa ya yi. In na kai shi, na yanka shi saboda ya dawo gida. In ban kai shi ba, na tabbatar wa Nu'uman abin da ya riga ya karanta. Kuma ko na kai, mai yiwuwa in dawo ba Direba ba miji.

Yanzu Asabar ce, azahar ta wuce. Yau ce ranar da ya saba zuwa da ledar gero, na share zaure na shimfiɗa tabarma duk da na san ba mai zama. Ina rubuta muku wannan a bayan ɗaki, a kan bulo, kwandon yana gabana a buɗe. Na goge atamfata shuɗiya, na tambayi lokacin tashin motar farko ta Ibeto. Saƙona na ƙarshe gare shi, "Ka yafe min," ya nuna ya karanta tun jiya.

Ɗazu na tashi na sa hannu a tukunyar don in ɗauko Direba, in ga ko zan iya. Lokacin kwancinsa ne, matar ta fita shan ruwa. Ya bugi hannuna da fiffike, ya ƙi matsawa. Da na ɗaga shi kaɗan sai na ga dalili. Ɗaya daga cikin ƙwan ya tsage, wani ɗan baki yana motsi a ciki.

Na mai da shi a hankali, na dawo na zauna. Har yanzu ban cire masa jan zaren ba.